Tuwon Gayya a Kan Bututu

Shekarun baya, bayan an canza kuɗi daga fam zuwa naira da 'yan shekaru, lokacin da ake ta maganar gina matatar mai a Kaduna, wani abu ya faru da ni wanda har yau in na tuna shi sai na yi shiru tukuna, sannan dariya ta biyo baya. Ni ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa. In kun ji na kira wani ƙarfe da sunan da ba nasa ba, ku yi mini uzuri. Masu ƙarfen ma sun yi mini.

A Ƙofar Jatau aka haife ni, a nan aka aurar da ni, lungu ɗaya tsakani. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ita na gada, da ita na riƙe gida bayan rasuwar mai gidana. Babban 'ya'yana namiji ne, ɗan fari, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba, ko yau da furfura ta rufe masa kai. Mu a zamaninmu ba a kama sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. In zai yi tafiya, kana duban wani wuri za ka ce Allah ya kiyaye hanya. "Yaron nan" nake ce masa, shi kuma ya ce mini Inna.

To, yaron nan ya yi karatu har ya zama injiniya, yana koyarwa a jami'a. Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya shigo ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, ina ɓarar gyaɗa. Da ƙanwarsa yake magana, amma ni ake faɗa wa, haka muke yi. Ya ce matatar mai ba komai ba ce illa murhu da tukwane, sai dai tukwanen sun fi rimayen garin nan tsayi. A ciki ake dafa ɗanyen mai har ya rabu, kananzir daban, fetur daban, har da abin da ake yin robobi da shi. In wuta ta yi kaɗan mai ya ɓaci, in ta yi yawa kuma sai abin da Allah ya tsare. Shi ya sa suke neman haɗa na'urar da za ta riƙa tsaron wutar da kanta, ba sai an tsayar da ɗan Adam a gindin tukunya ba.

Nan na daina ɓarar gyaɗa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan kaskon mai ya san abin da ake nufi.

Ya ce na'urar kamar mutum take, tana da ido da kai da hannu. Ido shi ke jin zafi, kai shi ke yanke shawara, hannu shi ke murɗa famfo ya ƙara wuta ko ya rage. Kamfani guda ya ƙware a ido, wani ya ƙware a hannu, su kuma na jami'a suna ƙoƙarin ƙera kan. A kasuwa kamfanonin nan biyu ba sa ga maciji da juna, amma sun ga ba wanda zai iya aikin shi kaɗai, sai kowa ya ba da mutuminsa aka haɗa su wuri ɗaya, a kan abin da aka gano na kowa ne.

Na ce wa ƙanwar tasa, ashe gayya suke yi. Ya yi murmushi ya ce haka ne. Na ce to, wa ke ciyar da 'yan gayyar? Ya ce ba kowa, in azahar ta yi kowa kama gabansa yake yi, wani ya ci a mota, wani ya tafi kanti. Abin bai kwanta mini ba. Na san ba gona ba ce, ban tsufa haka ba. Sai dai mahaifina yana da gona a bayan ganuwa, na tashi na ga yadda ake gayya. Ba a taɓa tara mutane su yi gumi a wuri ɗaya sannan kowa ya ɓuya ya ci nasa.

Sauran labarin ba a bakinsa na ji ba, a bakin abokinsa na ji, ɗan Wusasa. Tare suka yi makaranta, a gidana ya gama cin ƙuli-ƙulin ƙuruciyarsa. Mahaifiyarsa malamar makaranta ce, a wurina take sayen mai; in Kirsimeti ta zo ta aiko mana shinkafa, in Sallah ta zo in aika mata nama. Shi ne kamfanin ido ya turo. Ya zo gaishe ni wata rana, na ga ya rame, na tambaye shi aiki.

Ya ce, "Inna, aiki ya ƙi. Tukunyar gwajin da muka haɗa, ta yi zafi ta zarce, ta huce ta zarce, kamar amarya mai koyon tuwo."

Ya ce kafin azumi manyan kamfanonin za su zo su duba. In sun tarar da ita a haka, kowa zai janye mutuminsa, gayya ta watse. Yaron nan kuwa wata jami'a a Turai ta daɗe tana kiransa, wannan aikin kaɗai ya riƙe shi. Ya ce abin da ya fi ci masa rai, kowane kamfani ya rufe ƙarfensa a akwati ya buga hatimin dalma, an rattaba hannu ba mai buɗe na wani. Shi ya tabbata idonsa lafiya lau. Yaron nan kuma kullum kansa yake ɗora wa laifi, ya kwance nasa akwatin ya sake haɗawa, ya kwance ya sake. Na ce to, hannun fa? Sai ya sosa ƙeya. Ya ce wanda kamfanin hannu ya turo dattijo ne daga Ikko, ya kusa haifarsu, mutumin kirki mai kamewa. Wa zai dubi tsabar idonsa ya ce masa ƙarfenka ne?

Bayan ya tafi na daɗe a zaune. Da autata ce za ta tafi Turai, da na kama zanenta na ce ba inda za ki. Amma ɗan fari, da wane baki? Ko na buɗe shi maganar ba za ta fito ba. Abin da ya rage mini tukunya ce. Washegari na sa aka surfa dawa.

Ɗan Wusasa ne ya zo ya ɗauke ni a 'yar motarsa mai kama da kunkuru. Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka da man shanu, na ƙulla yaji, na cika babbar langata ta aure. Duk hanya yana tsokanata, wai saura makaɗa, gayya ba ta yi sai da kalangu. Na ce ya tuƙa motarsa ya bar ni da abin da ya dame ni.

Wurin wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano a bayan jami'a. Na yi sallama na shiga, na tsaya. Jama'a, na ga aikin hannun mutum. Tukunyar ƙarfe ta kai rufi, bututai sun nannaɗe ta kamar kabewa ta hau danga, agogai masu allura a jere, kowane yana rawarsa. A gefe ga wani ɗan alƙalami yana rubutu shi kaɗai a kan takarda mai tafiya, ba hannun kowa a jikinsa, layin yana hawa yana sauka kamar sawun maciji a rairayi. Na yi a'uziyya a zuci, sannan na yi tasbihi. Yaron nan da ya gan ni sai ya rasa inda zai sa kansa, ya durƙusa ya gaishe ni yana duban ƙasa, na amsa ina duban bututu.

Dattijon Ikko ya taso ya rusuna, ya ce, "Sannu da zuwa, Mama." Yana jin Hausa, a Sabon Gari ya yi ƙuruciya, sai dai harshen bai gama juyawa ba. Na shimfiɗa tabarma na ajiye langa ɗaya a tsakiya. Ya duba ko akwai faranti da cokali, bai gani ba, ya naɗe hannun rigarsa ya zauna. Ya ci kaɗan, ya zuba yajin da ya isa gida guda, ya yi godiya mai yawa. Sannan kowa ya wanke hannu ya koma gaban akwatinsa, ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Ni a tunanina da sun haɗa hannu a kwano ɗaya shi ke nan, zukata za su buɗe, maciji ya miƙe. Ina. Na yi ta kai tuwo, suna ta ci, dattijo har ya fara neman ƙari, layin nan yana nan yana hawa yana sauka. Sha'aban ya kama, ya raba tsakiya. Tuwona dai ƙiba kawai yake sa su.

Duk da haka zaman da nake yi a gefe ina jiran langata bai tafi a banza ba, na ga irin mutanen da suke. Na ga mutum ya zauna tun hantsi yana duban allura ɗaya, ya murɗa wani ɗan abu kamar ƙwayar gero, ya sake zama ya jira. Na ga abu ya lalace musu a gaban idona, ba wanda ya yi tsaki, sai a ce a sake daga farko. Na ga ɗan Wusasa yana tsare agogon yaron nan in ya fita salla. Haƙurin da na sani na masu jiran daddawa ta nuna ne, sai ga shi na gan shi a wurin masu wando da kwat.

Ranar da abin ya faru, mun iso da azahar muka tarar sun duƙufa a gaban alƙalamin nan, ba wanda ya ɗago. Ɗan Wusasa ma ya ajiye ni ya shige cikinsu. Na jira, na jira. Tuwon dawa kuwa in ya huce ya zama dutse. Na duba na ga wani wuri a jikin bututu inda suka yaye rigar da suke naɗe shi da ita, ga shi shimfiɗaɗɗe kamar murfin tukunya, na kai bayan hannu na ji ɗumi mai daɗi. Na ce Alhamdu lillahi, ga murhu. Na ɗora langata a kai, na koma tabarma na zauna abina ina jan carbi.

Ashe a daidai nan idon yake. Langata ta sha zafin wurin, ido ya ce tukunya ta huce, kai ya ce a ƙara wuta, hannu ya buɗe famfo. Sai na ji ɗakin ya canza murya. Ɗan Wusasa ya waiga ya hango langa, ya zabura ya sauke ta. To, da ido ya dawo hayyacinsa ya ji zafi ya yi yawa, nan take allurar akwatin yaron nan ta faɗi ƙasa, wato a rage wuta. Su uku suna tsaye, idonsu a kan famfo. Famfo bai motsa ba. Wallahi mutum zai karanta Fatiha ya shafa, ya sake karantawa, hannun nan yana tsaye kamar ba da shi ake ba. Sai da wani bututu a sama ya yi tsaki ya feso tururi, sannan ya murɗa a hankali kamar wanda aka tasa daga barci.

Daga baya aka gaya mini ba fetur ba ne a tukunyar, wani mai ne na gwaji da ba ya kama wuta, ba abin da zai faru. Amma jikina bai san haka ba. Na tsinci kaina a jikin bango, mayafina ya zame, hannuna na dama a buɗe. Akwai tabon ƙuna a wurin, daga wuyan hannu har gwiwar hannu, wanda ba na bari a gani.

Ba wanda ya yi mini faɗa. Ba kuma wanda ya ce uffan a kan famfo, alhali kowa ya gani. Yaron nan ya duƙar da kai yana shafa akwatinsa, har a lokacin yana neman yadda laifin zai zama nasa. Dattijo ne ya kawo mini ruwa a kofi, ya tsuguna a gabana. Ya dubi hannun ya ce, "Mama, wannan wuta ne?"

Na ce mai ne. Ban san abin da ya buɗe bakina ba, don ko a gidanmu abin da aka sani kawai na ƙone a wurin suya. Na ce a farkon shekarun aurena ne, ina suyar ƙuli-ƙuli, itace ya ci da yawa, mai ya taso. A daidai lokacin wani yaro ya rarrafo ya nufo murhu. Na ture yaron tukuna, kafin in juyo in janye itacen mai ya riga ni.

Na ce, "Idona ya gani sarai. Hannuna ne ya makara."

Ban dubi inda yaron nan yake ba, shi ma na san bai dube ni ba. Na dai ji hannunsa ya daina shafa akwatin.

Dattijo ya sake duban tabon. Sannan ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, a matata in hannu ya makara ba hannu ɗaya ne zai ƙone ba. Ya miƙe ya ɗauko sukudireba ya nufi akwatin kamfaninsa.

Ɗan Wusasa ya sha gabansa ya ce, "Baba, in ka karya hatimin nan, aikinka fa."

Ya ce ya sani. Ya ce tun a Ikko an san famfon yana da nauyin tashi in zafi ya daɗe a jikinsa, an ce masa kada ya faɗa, kada abokan kasuwa su ji, za a gyara a ɓoye daga baya. Ya ce wata da watanni yana kallon yaron nan yana kwance aikinsa mai kyau yana sake haɗawa saboda shirunsa, tuwon uwarsa kuma yana wuce masa a maƙogwaro da ƙyar. Ya dube ni ya ce, "Mama, na ci abincinki da yawa."

Ɗan Wusasa, da ba ya iya barin magana ta wuce shi, ya ce, "Kowa ya ci ladan kuturu dai." Na ce wa yake kira kuturu, ni ko yaron nan? Dattijo ya yi dariya, ya sa ƙarfe ya ɓalle dalmar.

Abin da suka yi bayan nan ya fi ƙarfin sanina. Na dai ga kawuna uku a cikin akwati ɗaya, abin da ban taɓa gani ba tun da na fara zuwa. Na ga ɗan Wusasa ya je ya ɓalle nasa hatimin shi ma, ya ce ba za a bar Baba ya shiga ruwa shi kaɗai ba. Ranar tuwon ya huce har ya daskare, suka ci shi a haka da la'asar, a tsaye, suna gardama da baki cike. Ban taɓa jin daɗin a wulaƙanta girkina ba sai ranar.

Suka gyara abin da ke riƙe famfon, yaron nan kuma ya koya wa kan nasa ya riƙa ba da umarni da wuri, tun da yanzu ya san halin hannun da yake aika. Kafin a ga wata manya suka zo. An ce layin ya miƙe kamar zaren masaƙa. An ce har da gangan suka ɗora kwano a kan idon a gaban baƙin, layin ya ɗan karkata ya dawo da kansa. Wai gwajin Inna suke kiransa. Ni dai ban ba su izinin sa mini suna a cikin ɓarnata ba, amma ba a tambaye ni ba.

Gayya ba ta watse ba, aka ƙara mata shekaru da mutane. Maganar Turai ta mutu, ba wanda ya sake tayar da ita. Ɗan Wusasa faɗa kawai ya sha a wurin nasa manyan. Dattijo kuwa nasa ba su yafe ba. Ba su kore shi ba, amma sun cire shi daga aikin, suka tura shi wani ɗan ofishi a can kudu, suka aiko wani a madadinsa. Bayan Sallah ya zo har zaure ya yi mini sallama. Na ce masa ni na jawo masa. Ya ce a'a, shi da ya daɗe bai yi barci mai daɗi irin na kwanakin nan ba. Na cika masa gwangwani da yaji, na ƙulla ƙuli-ƙuli. Ban sake ganinsa ba. Na ji an ce daga baya kamfanin nasa ya gyara famfunansa duka a kan abin da aka gano a ɗakin nan, sai dai ban ji an ce sun kira shi sun gode masa ba.

Na ga malamai, na ga attajirai, na ga masu sarauta. Amma in aka ce mini mutum, fuskar da ke fara zuwa mini ta dattijon nan ce, Bayarabe da sukudireba a hannu, yana dariya. Ni a gidanmu an koya mini kowace mai sana'a ta riƙe sirrinta, ko maƙwabciya ba a gaya wa yadda ake sa mai ya fito da yawa. Ban ce ƙarya ba ne. Sai dai akwai sirrin da in ka riƙe shi riba ce, akwai wanda in ka riƙe shi wani ne zai ƙone. Shi ya san bambancin, ya kuma biya.

Bayan an buɗe matatar, wata rana yaron nan ya ɗauke ni zuwa Kaduna dubiya. A hanya ya ratse, ya tsayar da mota daga nesa. Na ga tukwanen, da gaske sun fi rimi. Na ga wuta tana ci a kan wani dogon ƙarfe, ba kowa a gindinta. Na yi wa dattijo addu'a, in yana raye Allah ya rufa masa asiri, in ya riga mu Allah ya dubi abin da ya yi.

Muna zaune, yana duban gaba ina duban taga. Can ya ce, kamar da sitiyari yake magana, "Yaron da ya rarrafo ɗin nan, ya gode."

Na gyara mayafina na rufe hannun. Na ce ya ja mota, rana tana yi.